Gudumata da Ginin Kakana

Ran Talata aka ba mu guduma,
mu bakwai, kuɗin yini, abinci na kanka.
Ɗan kwangila ya yi nuni da makullin mota:
"Ku fara ta gabas. Kwanon nawa ne, kar a lanƙwasa."

Ban gaya masa ba
cewa duwatsun gabas ɗin nan kakana Gidado ya fasa,
shekarar da dogo ya baro Bauchi da rarrafe
yana neman Gombe.
Sule biyu a yini, da yatsa ɗaya da dutse ya ci,
har ya rasu da huɗu yake jan carbi.

Na ɗaga, na sauke.
Ginin bai ce uffan ba sai a bugu na tara.

Nan ne tagar tikiti.
Mista Okon ke zama a bayanta, biro a kunne,
Hausarsa karkatacciya, lissafinsa a miƙe.
Wata damina ya bar wa kakata ajiyar keken ɗinki,
ya ce sai ya dawo.
Keken na ɗakinta har gobe, ana shafa masa mai.

Nan ne sikeli.
Auduga ta hau shi fara sol,
manomi ya sauka da kuɗin sa, da na gishiri,
da ɗan abin da ba a gaya wa mutan gida.
Nan Adda Fanta ke bin tarago da faranti a ka,
ƙwai da yaji, rake, gyaɗa marau-marau,
jirgi ya tashi da canjin wani a hannunta,
ta ƙulle a bakin zane sai ran da ya komo.

Ba wanda ya zo ya ce mana an daina.
Kullum ta koma sau biyu a mako,
sau biyu ta koma "ana sa rai".
Iliya mai tuta ya ci gaba da goge fitila
wata goma sha ɗaya ba albashi,
sannan ya saki ja da kore, ya kama noman wake.
Tela ya yi haya, ya tashi.
Awaki suka gada, jemagu na sama,
gara ta cinye jadawalin tun daga Litinin.

Da azahar bangon ya durƙusa,
a hankali, kamar tsoho zai yi sujada.
A ƙarƙashin daɓe na tsinci kwabo mai huji
da rabin tikiti, ruwa ya lashe garin da za shi.
Yaron da ke tura baro ya ce, "Baba, na mene ne?"
Na buɗe baki, sai ƙura ta riga ni.

Yanzu ba komai sai fili da tulin bulo.
Wai gidan mai za a yi, wai shaguna.
Ƙarafunan tuni maƙera suka san inda suka kwana:
wata fartanya a gonar Jauro
ta taɓa ɗaukar jirgi a bayanta.
Ƙararrawar tana firamare, rataye a jikin maina,
tana kiran yara da muryar da ta saba sallamar matafiya.

Na karɓi kuɗina, na sayi masara tiya biyu.
Ba na kuka, aiki ne, kuma na yi shi da kyau,
yadda Gidado ya yi nasa.
Sai dai da yamma na tare ɗan acaba,
yaro ne, bai taɓa jin kukan jirgi ba,
ya ce, "Daga ina haka duk ka yi fari?"
Na ce, daga can.
Ya ce, "Au, Tasha?"
Na ce, Tasha.
Na hau, kwabon na sanyi a aljihuna.